Nasiha ga Samarin Ajegunle da Agege a kan Ƙaramin SSD na Cikin Laftof

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, mazauna Ajegunle da Agege da Idi-Araba da sauran zangunan Hausawa na birnin Ikko, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala, wadda wani zai ga kamar ba ta kai dattijo ya ɓata tawadarsa a kanta ba, shi ne ganin yadda laftof ta zama larura ga saurayin wannan zamani, tun daga mai shirin jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 ba a yin ta sai a kan kwamfuta, har zuwa mai ɗan shagon buga takardu, da mai koyon zane, da mai tara karatun malamai domin ya riƙa saurare. Alhali kuwa galibinku ba sabuwa kuke saya ba, ta hannu ce, irin wadda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira tokumbo, kuma da kuɗin da aka tara da gumi, wani ma da na mahaifiyarsa a ciki.

Ku da kuke Ajegunle ba sai an ba ku labarin inda waɗannan kaya suke shigowa ba, domin tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can suna bayan gidanku, kuma kuna ganin manyan motoci suna fita da kwantena dare da rana. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a waɗannan tashoshi a 2015 da 2016 ya nuna cewa kayan lantarki na hannu da ke shigowa Nijeriya sun kai kimanin tan 60,000 a shekara, mafi yawansu daga ƙasashen Turai, kuma wajen rubu'insu matattu ne tun kafin su sauka. Daga nan suke bazuwa zuwa kasuwar Alaba da ke Ojo, da Computer Village da ke kewayen titin Otigba a Ikeja, wadda ɗan Agege ke iya kaiwa da mota ɗaya, har su dangana da titin Beirut a Kano. A cikin waɗannan kwamfutoci akwai wani jinsi mai yawa da aka ƙera tsakanin 2012 da 2014, da wani kuma na bayan 2017, waɗanda ke ɗauke da ma'ajiya biyu a cikinsu, babba da ƙarama, kuma a kan wannan ƙaramar ne ake yawan cutar mai saye, ko kuwa shi ya cuci kansa saboda jahilcin abin da ke hannunsa.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, babban faifan ajiya na da, wanda 'yan kasuwa ke kira had-dis, ƙarfe ne mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya a cikin laftof, da ɗan hannu mai kai da kawowa a kansa yana neman abin da aka ajiye. Yana da faɗin ciki, yana da araha, amma yana da nawa, domin kowane abu aka nema sai an jira hannun nan ya je ya lalubo. Shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, saboda haka yakan miƙo abin da aka nema nan take, sai dai a wancan zamani tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. To, a 2011 kamfanin Intel ya fito da wani tsari na laftof marasa kauri da ya kira Ultrabook, ya kuma gindaya sharaɗin cewa lallai su riƙa farkawa daga barci cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai masu ƙira, da yake suna son cika sharaɗi ba tare da farashi ya tashi ba, suka yi dabarar barin babban faifai mai giga 500 a gurbinsa, suka ƙara masa ɗan ƙaramin SSD mai giga 16 ko 20 ko 24 ko 32 ya riƙa yi masa hidima. Ku dubi iyayenku 'yan goro na Zangon Agege, waɗanda kakanninsu suka kafa wannan sana'a a nan tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano: huhunan goro suna can cikin sito, amma ɗan abin da ake yawan tambaya yana kan faifai a gaban mai shi, don kada ya riƙa tashi yana kwance huhu saboda mai sayen ƙwarya ɗaya. Aikin ƙaramin SSD ke nan, ya riƙe kwafin abin da kwamfuta ta fi yawan nema, sauran duka kuwa suna can cikin babban faifai. Wata manhaja ce ke lura da wannan rabo, a wasu kwamfutoci ta Intel ce mai suna Smart Response, a wasu kuma, kamar na Lenovo da Samsung da Asus, wata ce mai suna ExpressCache.

Idan kun fahimci wannan, to kun fahimci inda algus yake shiga. Mai shago zai ɗaga laftof ya ce maka mai SSD ce, kuma a zahirin lafazi bai yi ƙarya ba, amma abin da ya bari ka fahimta, wato cewa duk ajiyarka a kan SSD take, ba shi ne haƙiƙa ba. Haka kuma a 2017, da Intel ya sake farfaɗo da wannan dabara da wani abu da ya kira Optane, mai giga 16 ko 32, an sami masu talla da ke haɗa lissafinsa da na RAM, su ce kwamfuta mai giga 4 da Optane 16 tana da giga 20, alhali abubuwa ne biyu mabambanta, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Wanda duk ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san hukuncin ɓoye aibi da ruɗi a cikin saye da sayarwa, ya kuma san cewa sanin abin da ake saye sharaɗi ne na ingancin cinikin. Ina faɗin wannan ne ga mai saye domin kada ya yarda da cinikin biri a sama, ina kuma faɗinsa da babbar murya ga yaranmu da ke koyon sana'a a shagunan Ikeja da Alaba, domin gobe su ne masu sayarwa, kuma ribar da aka ci ta hanyar barin mutum cikin duhu ba ta da albarka ko da ta yi yawa.

Yanzu ga yadda za ka tahaƙƙaƙe abin da ke cikin taka laftof ɗin. Kada ka fara da sukundireba, fara da ido. Buɗe wurin da Windows ke kira Device Manager, ka duba jerin ma'ajiyoyi. Idan ka ga suna biyu, ɗaya na babban faifai kamar Seagate ko Toshiba ko Western Digital, ɗaya kuma kamar SanDisk U100 ko i100 ko U110, ko LiteOn, ko Samsung PM830, da adadi ƙarami a gefensa, to ka sami abin da muke magana a kai. Sannan ka leƙa Disk Management ka ga girman kowanne da yadda aka yanka shi. Mai yiwuwa ne ƙaramin ya ƙi bayyana a nan, kuma wannan ba alamar babu shi ba ce, domin idan manhajar Intel tana kan aikinta takan lulluɓe shi ta haɗa shi da babban su zama kamar abu ɗaya, sai ka neme shi cikin manhajar da ake kira Intel Rapid Storage Technology, ko kuma cikin BIOS lokacin da kwamfuta ke tashi. Ka rubuta lambar samfurin da ka gani a takarda, harafi da harafi, ka kuma juya laftof ɗin ka kwafi cikakkiyar lambar da ke ƙasanta, domin kamfanoni irin su Lenovo da Dell da HP sun ajiye littafin gyaran kowane samfuri kyauta a intanet, da hotunan kowane gurbi da irin abin da yake karɓa. Rabin sa'a da saurayi zai yi yana karanta wannan littafi ya fi masa amfani bisa yini guda yana yawo tsakanin shaguna, kowa yana gaya masa abin da ya dace da hajar da yake son sayarwa.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani, wanda ko masu gyara da yawa ba su kula da shi ba. Kusan kowace laftof ta hannu ana yi mata fomatin kafin a ɗora ta kan kanta, a zuba mata sabon Windows cikin gaggawa, kuma da wuya a sami wanda ya damu da mayar da manhajar nan mai haɗa ƙarami da babba. Sakamakon haka shi ne, a cikin kwamfutoci masu yawa da ke hannunku ɗan SSD ɗin nan yana kwance ne kurum, yana shan batir, ba ya tsinana komai, mai ita kuwa yana ta kukan nawa, yana zargin ƙwayar cuta ko ƙarancin RAM. Wani kuma, da ya gano shi, sai ya yi murna ya zuba Windows a kansa, bai san cewa Windows 10 na baya-bayan nan yana buƙatar giga 32 tun daga farko ba, Windows 11 kuwa giga 64. Ba a daɗewa sai wuri ya cika, sabuntawa ta tsaya, kwamfuta ta shiga halin da ya fi na da muni.

Bayan ka san akwai shi, sai sanin siffarsa, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Na shekarun 2012 da 2013 galibi irin da ake kira mSATA ne, ɗan allo mai faɗin milimita 30 da tsawon kimanin 51, akwai kuma rabinsa mai gajeren jiki da wasu kwamfutocin Asus suka yi amfani da shi, wanda cikakken ba zai shiga gurbinsa ba. Bakinsa iri ɗaya ne da na katin waya-fai, har mutum ya iya cusa shi a ramin da ba nasa ba ya zauna daram, amma kwamfuta ba za ta gan shi ba, saboda ba kowane rami mai wannan siffa aka ja wa hanyar ajiya ba. Waɗanda suka biyo baya kuwa M.2 ne, masu faɗin milimita 22, kuma lambar da ake kiransu da ita tana faɗin awonsu: 2242 tsawonsa milimita 42, 2280 kuwa 80. ThinkPad T440 da X240, waɗanda suka cika kasuwanninmu, ɗan gajeren suke ɗauka, kuma na jinsin SATA kaɗai, idan ka sayo masu na jinsin NVMe, ko da tsawon ya yi daidai, ka yi asara. A T480 kuwa al'amarin akasin haka yake. Sannan akwai jinsin da babu abin da za a iya yi masa, wato wanda aka narka shi a jikin babban allon kwamfuta, kamar mai giga 24 na Samsung NP530U3C da na Asus UX32VD. Duk wanda ya ce maka zai canza maka wannan da babba, ka riƙe kuɗinka ka yi masa sallama.

To, me ya fi dacewa a yi? Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Kada ka sayi babban SSD don ya ci gaba da zama bawan faifai mai juyawa, domin manhajar Intel ba ta amfani da fiye da giga 64 a wannan hidima ko nawa ka ba ta, kuma dabarar tun asali ta lokacin tsada ce, lokacin kuwa ya wuce, shi kansa Intel ya sanar da rufe harkar Optane a 2022. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, cire babban faifan nan gaba ɗaya, ka sa SSD mai inci biyu da rabi a gurbinsa, mai giga 256 ko 512 gwargwadon hali, ka manta da ƙaramin. Dalilina shi ne, wannan jinsi ya fi samuwa a kasuwa, ya fi sauƙin musanya idan ya sami matsala, kuma gurbinsa galibi ya fi sauri: a ThinkPad X230 da T430, alal misali, ɗan ramin mSATA rabin saurin babban gurbi yake bayarwa. Faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA yakan haura 500, amma abin da za ka fi ji a jikinka shi ne gushewar jiran nan na lalube, har tsohuwar kwamfuta ta riƙa tashi kafin ka gyara zama. Ka lura da kauri kawai, domin siraran laftof milimita 7 suke ɗauka, ba 9.5 ba. Wanda kuwa yake da ajiya mai yawa, kamar mai haɗa bidiyon biki ko mai tara tafsirin shekaru, shi ne ya dace ya nemi babba na ɗan ramin, irin waɗanda Transcend da Kingston suka ƙera, ya zuba Windows a kai, ya bar tsohon faifai ya zama rumbu. Da sharaɗin ya tabbata tun da fari cewa kwamfutarsa tana yarda ta tashi daga wannan rami, domin akwai waɗanda ba sa yarda. Mai Optane kuwa ya fi kowa sa'a, ramin nasa galibi yana karɓar cikakken NVMe mai tsawon 2280, wanda saurinsa ya ninka na SATA sau da yawa.

Ina roƙonku ku saurari wannan da kyau, domin shi ne wurin da ake kuka. Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a kwashe duk abin da ake ji da shi zuwa wata ma'ajiya ta waje, takardun makaranta, da hotunan iyali, da lissafin shago, a kuma rubuta mabuɗin BitLocker idan an kulle faifan da shi. Bayan haka a shiga manhajar Intel a kashe haɗin da ke tsakanin ƙarami da babba, a jira har ta ce ta gama, ko a cire ExpressCache idan ita ce. Hikimar wannan ita ce, manhajar Intel tana da hali biyu: a ɗaya takan rubuta abu a wuraren biyu lokaci guda, a ɗaya kuwa, wanda ya fi sauri, takan fara rubutawa a ƙaramin, sai daga baya ta kai wa babban, ta yadda a kowane lokaci akwai wani yanki na aikinka da babu shi ko'ina sai a cikin ɗan allon nan. Wanda ya fizge shi a wannan hali ya fizge wani ɓangare na ajiyarsa, kuma sau da yawa Windows ba zai sake tashi ba. Optane ma haka yake, ko ma fiye. Wannan hali na biyu yana da haɗari na musamman a wurinmu, inda batiran kwamfutocin hannu suka riga suka mutu, ana ɗauke wuta ko janareta ya yi tari sai laftof ta mutu nan take a tsakiyar rubutu. Idan an gama wannan, a kashe kwamfuta sarai, a zare caja, a cire batir ko a zare wayarsa ta ciki, a taɓa wani ƙarfe kafin a taɓa allon, a jera notuna bisa tsarin da aka kwance su. Lokacin zuba Windows a kan sabon SSD, ya fi kyau a cire tsohon faifai tukuna, don kada fayilolin tashi su sauka a kansa ba da saninka ba. Kuma idan za a sauya tsarin BIOS daga RAID zuwa AHCI, a yi shi kafin zubawa, domin sauya shi bayan an gama yakan jawo shuɗin allo. Wanda bai amince da hannunsa ba, babu aibi ya kai wa gwani, amma ya tsaya a kansa ana yi, ya kuma tambaye shi ko ya kashe haɗin. Daga amsar da zai bayar za ka gane ko gwanin ne.

Game da saye kuwa, araha ba ta ado. Akwai SSD na jabu da aka yi wa dabara yake nuna giga 512 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya cika ya fara cinye abin da aka ajiye a baya. Akwai kuma tsofaffi da suka ƙare ƙarfinsu a wata ƙasa aka sake manna masu takarda. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyar ma'ajiya da yawan sa'o'in da ta yi tana aiki, H2testw kuma tana cika ta da rubutu ta sake karantawa don ta tabbatar da girman gaskiya. Ka tafi da laftof ɗinka, a sa a gabanka, a gwada a gabanka, ka sayi kaya a shago mai ƙofa da lamba, ba a hannun masu tare mutane a bakin titi ba, a rubuta maka lambar jikin kayan a kan rasit tare da wa'adin mayarwa idan aibi ya bayyana. Wannan haƙƙinka ne a shari'a da al'adar kasuwa, ba rashin kunya ba ne ka nema, ko da mai shagon ya girme ka.

Sai dai kuma ku san iyakar abin. Kwamfutar 2012 ko 2013 ta tsufa, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'idarsa ba ya karɓar injin Intel da ya gaza ƙarni na takwas. Saboda haka kada a zuba mata dukiyar da ta kusa kuɗin wata mai ƙuruciya, wannan almubazzaranci ne. SSD matsakaici da RAM giga 8 sun ishe ta, kuma saurayi mai himma zai iya zuba mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma halal, ta yi masa karatu da rubutu na wasu shekaru. Wani alherin SSD mai inci biyu da rabi ma shi ne, ranar da ka sauya kwamfuta kana iya cire shi ka tafi da abinka.

Saura batun abin da aka cire. Tsohon faifai, idan lafiyarsa ƙalau, a saya masa ɗan gida mai wayar USB ya zama wurin ajiyar kwafi, wanda ko ba komai kowane ɗalibi yana buƙata. Idan kuwa ka sayi kwamfuta ko faifai na hannu ka tarar da hotuna da wasiƙun mai shi na farko, ko Bature ne da ba za ka taɓa gani ba, to al'aurarsa ce ta faɗo hannunka, ka share ba tare da ka tsaya kallo ba, domin tajassusi haramun ne ko mai abin ya sani ko bai sani ba. Haka nan yaron shago da aka ba shi laftof gyara, abin da ke cikinta amana ce, aikinsa ya tsaya ga abin da aka kawo masa. Kai ma ka kiyaye naka: ɗan ƙaramin SSD ɗin nan da ake rainawa, shi ne ya riƙe kwafin fayilolin da ka fi yawan buɗewa, kuma fomatin na gaggawa ba ya tabbatar da gushewarsu. Kafin ka sayar da shi ko ka bar wa mai gyara a matsayin rangwame, a yi masa cikakkiyar sharewa, wadda ake samu cikin BIOS na wasu kwamfutoci ko cikin manhajar kamfanin da ya ƙera shi, idan kuwa hakan bai samu ba, ka karya shi da filaya kafin ka kai shi wurin masu tara kayan lantarki.